DARASI NA TAKWAS: FATAUCIN ABINCI TA TEKU DAGA ƘASAR KATSINA

8.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi magana a kan fatauci a matsayinsa na ɗaya daga cikin sana'o'in Hausawa na gado, aka nuna tsarin ayari tun daga madugu da jagaba har zuwa fatoman da ke sauke fatake a zango. Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa wannan sana'a ta shuɗe tare da jakuna da takarkarai. Ba haka abin yake ba. Fatauci yana nan da ransa, kama kawai ya sake. Riɗin da aka noma a ƙasar Mashi ko Mai'aduwa yana iya ƙarewa a akushin wani mutum a Japan, haka kuma zoɓon da wata tsohuwa ta ɓare a wani ƙauyen Jibiya a jiƙa shi a sha a Meziko. Abin da ya haɗa waɗannan wurare masu nisan duniya shi ne jirgin ruwa.

Wani zai ce, me ya haɗa Bakatsine da teku, alhali babban ruwan da ya sani bai wuce madatsar Zoɓe ba? Amsar ita ce, nasara ko asarar kayan da za su hau teku tun a nan tudu ake ƙulla ta. Falken da yana tafe ne tare da kayansa, yana dubawa, yana gyarawa, idan an yi gardama bakinsa ya kare shi. Falken yau kuwa rufe kayan ake yi a gabansa, ba zai sake ganin su ba har abada. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike, to amma a wannan harka aiken ya zama tilas. Saboda haka duk wata hidima da falke kan yi wa kaya a hanya, dole a gama ta kafin kaya su bar gida. A kan wannan batu darasin zai tsaya, sannan a ƙarshe a dubi yadda malamin Hausa zai sarrafa kalmomin sana'ar a cikin aji.

8.1 Waiwaye

A ƙarni na 17 da na 18 birnin Katsina na cikin manyan matattarar fatake a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma kan taso daga Gadamas da Gat, su biyo ta Agadas su sauke a birnin. Bayan da masu jihadi suka karɓi mulkin Katsina a 1807, yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakaninta da Maraɗi suka sa harkar ta karkata zuwa Kano. Ko da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya iso a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma mafi yawan cikinta babu gidaje.

Daga cikin kayan baki da fatake suka yi safara, irin su gishiri da kanwa da dabino, goro ne ya fi dacewa da darasinmu. Tafiyar Gwanja ta watanni ce, goro kuwa ɗanyen abu ne, ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa. Don haka akan naɗe shi da ganyen fita a ɗaure shi huhu-huhu. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance a zango, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wato falke shi ne likitan kayansa tun daga Salaga har gida. Goron ne kuma ya fara haɗa Bahaushe da jirgin ruwa, domin tun daga ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ɗauko shi ta teku daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata (1877–1955) na cikin Hausawan da suka bi wannan hanya a farkon ƙarni na 20, kafin ya koma cinikin gyaɗa.

Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya ɓarke a 1912. Wani reshen ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Birnin Katsina dai bai sami dogo ba, sai dai a kai gyaɗarsa Kano ko Funtuwa a kan raƙuma da jakuna, daga baya a motoci. A mafi yawan wancan zamani manomi ba ruwansa da abin da ke faruwa bayan sikeli. Kamfanonin Turawa, daga baya kuma hukumomin sayen amfanin gona, su ke tantancewa, su ke fitarwa. Farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta naƙasa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur suka taru suka kwantar da dalar gyaɗa, sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin. Tun daga lokacin nauyin ingancin kaya ya koma wuyan ɗan kasuwa, shi kuma a bisa gaskiya wuyan manomi ya rataya.

8.2 Kwantena

Idan aka ce kwantena ana nufin wani ƙaton akwatin ƙarfe mai tsayayyen awo, wanda za a iya ɗaga shi daga bayan mota a aza a jirgin ƙasa, daga nan a aza a jirgin ruwa, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Kafin samuwarsa buhu-buhu 'yan dako ke loda kaya a cikin jirgi, a yi kwanaki ana abu ɗaya, wani buhun ya yage, wani ya jiƙe, wani ya yi ƙafa. Wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, shi ya fara gwada dabarar a 1956, inda ya aika da akwatuna 58 a jirgi ɗaya daga gaɓar gabashin Amurka zuwa jihar Teksas. Daga baya ƙasashe suka daidaita awon, yadda kwantenar da aka cika a Funtuwa za ta zauna daram a kan jirgin kowace ƙasa.

Iri biyu aka fi amfani da su: mai tsawon ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Zaɓin ya danganta ga nauyin kaya da kuma cin wurinsu. Riɗi yana da nauyi, don haka akan zuba kimanin tan 19 a ƙaramar, wato buhu 380 masu kilo 50. Zoɓo kuwa sakayau yake, wuri yake ci, sai a nema masa babbar. Akwai kuma mai na'urar sanyi domin ɗanyen kaya, amma tsadarta ta sa ba kowa ke kusantar ta ba. Daga ranar 1 ga Yuli, 2016, dokar teku ta duniya ta wajabta a auna kowace kwantena a ba da shaidar nauyinta kafin a ɗora ta a jirgi.

Wanda kayansa ba su kai cika kwantena ba, kamar mai kwali 30 na garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da zai aika wa wani kanti a Landan, sai ya shiga haɗaka, a haɗa kayansa da na wasu a biya gwargwadon wurin da kowa ya ci. Haɗaka tana da sauƙin kuɗi, amma tana da nata lahani. Idan kayan mutum ɗaya suka sami matsala a wurin bincike, kowa sai ya jira. Ga kuma wari: duk wanda ya taɓa ajiye daddawa kusa da garin kunu ya san abin da ake nufi.

8.3 Abubuwan da ke ɓata kaya

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa da kyau.

Babban abokin gaban busasshen abinci shi ne danshi. A ɗauki misalin tukunyar da aka sauke daga murhu aka bar ta a rufe. Idan aka ɗaga murfin bayan ɗan lokaci za a ga ruwa ya taru a cikinsa yana ɗiga. Abin da ke faruwa a kwantena ke nan. Da rana ƙarfe ya yi zafi, danshin da ke jikin kaya ya tashi ya zama tururi. Da dare, ko idan jirgi ya shiga yankin sanyi kamar tekun Turai a lokacin hunturunsu, sai tururin ya daskare a rufi ya riƙa ɗiga a kan buhuna, kamar ana yayyafi a cikin ɗaki rufe. Babu mai gani, babu mai kwancewa ya shanya, har tsawon makonni. Shi ya sa masu saye kan gindaya sharaɗin danshi: riɗi kada ya wuce wajen kashi 6 cikin 100, hatsi da wake wajen kashi 12 zuwa 13. Akan kuma shimfiɗe ciki da takarda mai kauri, a rataya jakunkunan sinadarin da ke tsotse laima.

A nan ƙasar Katsina tana da wata baiwa da ba a cika lura da ita ba. Riɗi da zoɓo da kaka suke nuna, lokacin da iskar hunturu ke busar da komai ba tare da an kashe ko kwabo ba. Abin takaici shi ne da hannunmu muke zubar da wannan baiwa. Akwai masu yayyafa wa kaya ruwa ko su cakuɗa yashi domin sikeli ya yi nauyi. Mai wannan algus yana ganin ya ci ribar kilo biyu, bai san ya sa wa tan 19 wuta ba.

Inda danshi ya zauna, funfuna na biye. Wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara da barkono tana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. An gano ta ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Ido ba ya ganin gubar, suya kuma ba ta kawar da ita, don haka tana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire. Tarayyar Turai ba ta yarda ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye, Amurka kuwa ta tsaya a kan kashi 20. Maganin abin a gona yake farawa: a cire gyaɗa a kan kari, a busar da ita sosai, a tsince ruɓaɓɓiya, kada a jibge buhu a kan dandaɓar ƙasa.

Sai ƙwari, da kuma abin da ya fi ƙwari muni, wato maganin da ake zuba musu ba bisa ƙa'ida ba. Kowa ya san yadda ƙwaro ke huda wake ya mayar da shi gari. Don gudun haka wasu 'yan kasuwa kan yayyafa masa fiya-fiya, maganin da ke ɗauke da sinadarin dikulobos, wanda ba a yi shi domin a zuba a abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an yi ta samun sinadarin daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da aka yarda da ita 0.01 ce. A 2016 aka tsawaita hanin, aka kuma sake tsawaita shi bayan nan. Hanin bai tsaya a kan waɗanda suka yi laifin ba, ƙasar baki ɗaya ya shafa, ciki har da manomin da bai taɓa riƙe kwalbar fiya-fiya ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa, a nan kuwa maganar ta faɗa a kan waken kansa. Ya kamata kuma mu tambayi kanmu: waken da Turawa suka ƙi, wa ya ci shi? Bai wuce mu da 'ya'yanmu ba.

Ga shi kuwa akwai mafita mai sauƙi. Kakanninmu kan adana wake da toka ko yashi mai laushi. A yau akwai buhu mai linki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007. Idan aka ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu don kansa. Kayan da za su hau jirgi kuwa, ma'aikata masu lasisi ne ke turara musu magani mai hayaƙi, su ba da takardar shaida.

Na ƙarshe shi ne ƙazanta. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano da kaka ya ga shanya a gefen kwalta: barkono, kuɓewa, tumatir, ga ƙura, ga hayaƙin mota, ga awaki da kaji suna ratsawa. Kashin kaji da na tsuntsaye na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. Abin ya fi tsanani a kan riɗi, domin a ƙasashe da dama niƙa shi ake yi a ci ba tare da an dafa ba, shi ya sa ake tsananta binciken riɗin Nijeriya a tashoshin Turai. Tabarma ko tamfol mai tsabta, da ɗan shinge, sun isa su raba kaya da wannan masifa.

Ɗanyen kaya kuwa sha'aninsa daban ne. A watan Yuni na 2017 gwamnatin tarayya ta yi bikin tura tan 72 na doya zuwa Ingila da Amurka. Kayan suka daɗe a hanya, rahotanni suka nuna wani kaso ya isa a ruɓe. Ƙaramin ɗan kasuwa daga Katsina gara ya tsaya a kan busasshen abu, inda ƙasarsa ta fi ƙarfi.

8.4 Ƙunshi da rubutun jikin kaya

Abincin da aka sarrafa, irin su garin kuka da garin ɗanwake da zogale da tsamiya da aya, hawa uku ake ƙunshe shi. Akwai ledar da ke taɓa abincin, wadda dole ta zama irin ta abinci, a kuma liƙe bakinta da na'ura. Akwai kwali mai ƙwari da zai jure a ɗora masa wasu. Sai dandamalin katakon da ake jera kwalaye a kai. Shi ma katakon yana da doka tun 2002: sai an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi, a buga masa hatimi, don kada ya kai wa wata ƙasa ƙwaron itace.

Rubutun jikin leda shi ne bakin mai kaya. Shi zai faɗi sunan abincin, da abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da ranar da aka yi shi da ranar da zai daina amfani, da sunan wanda ya yi da ƙasar da aka yi. Akwai kuma lambar rukuni, wadda idan aka sami matsala za a bi sawu a gane kayan wace rana ne. Wani abin da Bahaushe bai saba da shi ba shi ne gargaɗi a kan abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa. Akwai waɗanda ƙwayar gyaɗa ɗaya kan toshe musu numfashi. Gyaɗa da riɗi suna cikin abubuwa 14 da Tarayyar Turai ta wajabta a bayyana, Amurka ma ta ƙara riɗi a nata jerin daga farkon 2023. Ke nan mai yaji da ya sa ƙuli-ƙuli bai rubuta ba, ya taka doka, yana kuma iya ɗaukar rai.

Ɗalibai kan tambaya, ina labarin kilishi? Dokokin Turai da Amurka a kan nama suna da tsauri ƙwarai saboda cututtukan dabbobi, har matafiyi ma ƙwace masa ake yi a filin jirgin sama. Wanda ya cusa kilishi a cikin kwalin kuka don a wuce da shi ya jefa kayan kowa a cikin hatsari.

8.5 Takardu

A da, shaidar falke ita ce fuskarsa da sunan ubansa da amanar fatomansa. Jami'in da zai karɓi kaya a wata ƙasa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, takarda kawai ya sani. Mai son fitar da kaya yakan fara da rajistar kamfani, sannan ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976. Daga nan ya cika fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, wanda da shi Babban Banki ke bin sawun kuɗin, domin ƙa'ida ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180. Abincin da aka sarrafa yana buƙatar shaidar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Tsaba da ganye kuwa suna buƙatar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona. Sai takardar farashi, da jerin abin da ke cikin kowane kwali, da shaidar ƙasar asali, da sahalewar kwastan.

Uwar takardun ita ce takardar shaidar lodi, wadda kamfanin jirgi ke bayarwa. Aiki uku take yi: rasit ce da ke nuna an karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, sannan ita ce hujjar mallaka, wanda ya riƙe ta shi ke da kaya. Don haka mai hankali ba ya sakin ta sai kuɗinsa sun tabbata, ko dai an biya shi, ko bankin mai saye ya ba da takardar lamuni.

Akwai wani ɗan abu da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na malaman harshe. Dole abin da ke cikin takardun nan ya zo daidai harafi da harafi. Mutumin da ya rubuta Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muhammad a ta uku, a gida duk shi ne, amma a wurin banki mutum uku ne. Irin wannan saɓani kan tsayar da kaya a tasha, kowace rana kuma kuɗin jinkiri na hawa.

8.6 Daga Katsina zuwa bakin ruwa

Yawancin riɗi da zoɓon Katsina sukan fara yada zango a kasuwar Dawanau da ke Kano, inda ake tacewa da na'ura a sake buhu. Daga nan tirela ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Legas, ko dai tashar Apapa, ko ta Tin Can da aka buɗe a 1977, ko ta Lekki da aka buɗe a 2023. Sau da yawa wannan tafiyar ta tudu ta fi ta ruwa wahala. Akwai shingaye, akwai lalacewar mota, kuma a shekarun 2017 zuwa 2020 cunkoson Apapa ya kai mota kan yi makonni a layi, kaya na gasuwa a rana, kafin a shigo da tsarin kiran motoci ta na'ura a 2021. A ruwa kuwa, zuwa Turai yawanci makonni biyu zuwa huɗu ne, zuwa gabashin Asiya ya haura wata.

Don rage wannan wahala aka kafa tashoshin tsandauri, wato wuraren da ake yin duk aikin tashar jirgin ruwa, binciken kwastan da rufe kwantena da buga hatimi, a nan kan tudu. An buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. A 2021 kuma aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Sai dai a lura, tashar tsandauri ba ta cika amfani sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci. In babu shi, kwantenar da aka rufe a Funtuwa kan tirelar nan dai za ta hau.

Wajen yanke farashi akwai wasu gajerun kalmomi da 'yan kasuwar duniya suka amince da su tun 1936, ana sabunta su lokaci-lokaci. Biyu sun isa a nan. Idan aka ce FOB, mai sayarwa ya ɗauki nauyin komai har kaya su hau jirgi a Legas, daga nan sauran na mai saye ne. Idan aka ce CIF, mai sayarwa ne zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Wanda ya faɗi farashi bai san wanne ake nufi ba, yana iya sayar da kaya ya kuma biyo bashi.

8.7 Kalmomin sana'ar a cikin aji

Wannan fanni fage ne mai kyau na koyar da yadda Hausa ke samun sababbin kalmomi. Akwai aro, kamar kwantena da kwastan da inshora da tirela da lodi da tan. A Funtuwa har unguwa akwai da ake kira Bisije, daga harufan sunan kamfanin Turawan da ya kafa injin gurzar auduga a can. Akwai ƙirƙira, kamar tashar tsandauri da takardar shaidar lodi. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana. Kalmar jirgi da can abin fito a ruwa take nufi. Da dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, aka zo aka ce jirgin sama, har ta kai mai asalin sunan sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. Haka kafofin watsa labarai kan ce sunduƙi, tsohuwar kalmar da aka aro daga Larabci, a maimakon kwantena. Duka biyun daidai ne, amma malami ya sani cewa a bakin 'yan kasuwa da direbobi kwantena ce ta zauna, kuma ba aikinsa ba ne ya yi faɗa da kalmar da masu sana'a suka riga suka karɓa. Aikinsa shi ne ya daidaita rubutunta, ya nuna jinsinta da jam'inta.

Wajen gabatar da darasin ga 'yan ƙaramar sakandare, kada malami ya fara da teku, domin yawancinsu ba su taɓa ganin ta ba. Ya fara da abin da ke gidajensu. Ya shigo da tukunyar ruwan zafi da murfinta ya nuna yadda tururi ke komawa ruwa. Ya sa kowane yaro ya zo da ledar wani abinci da aka saya a kanti, a karanta rubutun jikinta tare, a fassara shi. Ya tambaye su inda ake shanya a gidajensu da abin da ake zuba wa wake. Mafi yawan yaran nan 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, abin da suka ji a aji da safe yakan kai zauren gida kafin magariba.

8.8 Jinga

1. Kwatanta yadda falken goro ke kula da kayansa a hanyar Gwanja da yadda mai fitar da riɗi ke yi a yau. A ina ne nauyin kulawar ya koma, kuma me ya sa?

2. Yi bayanin yadda ruwa ke samuwa a cikin kwantenar da aka rufe da busasshen kaya, cikin kalmomin da ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai fahimta.

3. Tsara rubutun jikin leda da Hausa domin yajin da aka haɗa da barkono da citta da ƙuli-ƙuli da gishiri, mai nauyin giram 250.

4. Ziyarci kasuwar hatsi mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi 20 da masu awo da dillalai da 'yan dako ke amfani da su, ka rarrabe na asali da na aro da waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu. A kawo aikin a rubuce kafin darasi na gaba.